Me ya sa ƙananan sakulen suke komawa kore, wasu kuma su ruɓe?

Tambaya: A Kano nake. Na sayi ƙananan tsirran nan masu kaurin ganye da masu sayar da fulawa ke kira sakulen, guda 12, wasu ja, wasu ruwan hoda, wasu shunayya. Na jera su a falo kusa da taga, ina ba su ruwa duk bayan kwana biyu. Kafin wata ya zagayo duk sun koma kore sun yi tsawo, huɗu kuma sun ruɓe. Ina son in riƙa tara su iri-iri. Ina kuskuren yake, kuma waɗanne ne za su jure yanayinmu?

Amsa: Abu biyu ne suka taru a kan tsirran nan, Malama. Falo ya cinye launin, ruwan kwana bibbiyu kuma ya cinye saiwar. Takwas ɗin da suka rage za a iya ceto su, amma sai kin fara sanin inda launin yake fitowa, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya.

Jan da kika gani ranar saye launin wahala ne. Tsiron yana fitar da shi idan ya sha rana sosai, ya ɗan ji ƙishirwa, dare kuma ya yi sanyi. A yawancin irin da ake sayarwa, sinadarin da ke ba da launin danginsu ɗaya da wanda ya sa zoɓo ya yi ja, kuma aikinsa kare ganye daga kaifin rana. Da aka shigar da tsiron ɗaki ana ta ɗura masa ruwa, buƙatar kariyar ta kau, sai ya ƙara koren da yake kama haske da shi, jan ya dushe cikin mako biyu zuwa uku. Daga nan sai miƙewa. Karan ya yi tsawo yana leƙen taga, ganyen da a da suke a cure kamar kan kabeji su ware, na ƙasa su sunkuya. Ko idonki na ganin falon fes, hasken da ke ciki ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na tsakar gida, ga labule, ga raga, wani gidan ma gilashin mai duhu ne.

Mafi yawan masu kyawun launin, wato Echeveria da Graptopetalum da Pachyphytum da wasu Sedum, 'yan ƙasar Meksiko ne, da yawansu kuma a kan tsaunuka suke fitowa cikin tsagar dutse, inda rana ke da ƙarfi, dare ke da sanyi, ruwan sama kuma ba ya kwana a gindinsu. Haworthia da Gasteria da Lithops da yawancin Crassula daga kudancin Afirka suke. Mutane kan ce ai tsiron hamada ne, zafin Kano ko Damagaram ba zai dame shi ba. Jure ƙishirwa daban, jure zafin dare daban. Da rana waɗannan tsirran suna rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensu don kada ruwa ya tsere, sai da dare su buɗe su shaƙi iskar da za su haɗa abinci da ita washegari. Tsarin yana tafiya daidai ne idan dare ya yi sanyi. A Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke kai digiri 40, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 25, Echeveria kusan tsayawa take yi cik, ba girma, ba shan ruwan kirki. Idan aka jiƙa mata ƙasa a wannan hali, saiwar na zaune cikin ɗumi da laima, abin da ruɓa ke nema ke nan. Shi ya sa mai lambu a Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, zai riƙe irin da mai lambu a Sakkwato zai yi ta asararsa, alhali kulawarsu ɗaya.

Saboda haka a ƙasar Hausa kulawar kashi uku ce, tana bin hunturu da bazara da damina.

Hunturu ne lokacin adonsu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare kan sauka ƙasa da digiri 15, iska a bushe, hazo yana rage kaifin rana. A nan ne launin da kika biya kuɗi dominsa zai dawo, har ya fi na da. A ba su rana daga fitowarta zuwa sha biyu, masu ƙarfin ma su wuni a ciki. Ƙaramin kasko zai nemi ruwa duk bayan kwana 7 zuwa 10. Dashe, yanka, da yaɗa iri duk a wannan lokacin ake yi. Ƙurar da ke taruwa a tsakiyar tsiro a hure ta, ko a share da burushi mai laushi.

Bazara lokacin lallaɓawa ne. Burin kawai su rayu. Ki ɗaura ragar inuwa mai tare rabin rana, ko ki mayar da su ƙarƙashin bishiya mai sakin haske. Ki ɗaga su daga kan siminti zuwa benci ko teburin katako, domin daɓen siminti da rana kasko ne na suya. Ki nisanta su da katangar da ranar yamma ke duka, tana amayar da zafi har tsakar dare. Ruwa sai bayan magariba, idan kin taɓa tukunyar kin ji ta huce, duk bayan kwana 10 zuwa 14, kuma ba mai yawa ba. Ruwan tankin sama a Afrilu da zafinsa yake saukowa, a tara shi a bokiti ya huce tukuna. Ba taki, ba dashe.

Damina ta fi kashe su, musamman Agusta. Suna buƙatar rufi: rumfa da kwanon roba mai shigar da haske, gefunanta a buɗe iska na ratsawa. Baranda mai kallon gabas ta fi dacewa saboda hantsi, sai dai hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska kan watso ruwa har bango, don haka a tanadi labulen leda da za a sauke idan hadari ya haɗu, a ɗage da zarar an ɗauke. Kada a bar tukunya a bakin indararo. Ƙasa kan yi mako biyu ko uku ba ta nemi ruwa ba. Busassun ganyen da ke ƙarƙashi a riƙa cire su, suna shan laima su ruɓar da kara. Launi zai ragu a damina ko me kika yi, kada ki bi shi da fitar da su cikin ruwa don neman rana.

Wani abin da ake mantawa: a daidai Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana ta arewa take karkata da tsakar rana, sauran watannin kuma ta kudu. Gindin katangar da ke inuwa a Disamba zai iya zama cikin rana tsaka a Mayu. A duba wurin da ido sau biyu a shekara.

Naki da suka yi wata a falo kada ki fitar da su rana kai tsaye, ƙonewa za su yi. Awa ɗaya ta sanyin safiya na kwana uku ko huɗu, sannan awa biyu, haka har cikin mako biyu zuwa uku su riƙa kaiwa ƙarfe sha ɗaya na safe. Ƙunar rana fari-farin tabo ne ko mai ruwan ƙasa a fuskar ganyen da ke kallon rana, kuma ba ya warkewa, sai dai ganyen ya tsufa ya faɗi.

Yanzu ƙasa, wadda ita ce rabin aikin. Abin da ke cikin ledar mai sayarwa yawanci baƙar ƙasa ce da taki, ta dace da fulawar da ake ba ruwa kullum. Waɗanda aka shigo da su daga waje kuma kan zo cikin wani abu mai kama da soso, in ya jiƙe ya daɗe bai bushe ba, in ya bushe kuma ruwa ya bi ta gefensa ya wuce. Duka biyun a kakkaɓe su daga saiwar gaba ɗaya. Ba sai kin nemi kayan waje masu tsada ba. Ki auna da gwangwani ko mudu: biyu na ƙananan tsakuwa, masu girman ƙwayar dawa zuwa wake ƙanana, wato milimita 2 zuwa 5, ɗaya na yashin kogi mai gautsi, ɗaya na ƙasar lambu mai sauƙi wadda ba laka, sai rabi na gawayin da aka farfasa. A madadin tsakuwar dutse ana iya sa marmara da aka tankaɗe, ko jan bulo ko tsingaro da aka daddaka. Waɗannan ma sun ɗan fi, domin suna da ƙananan ramuka da ke riƙe iska. Kowane ɗaya a tankaɗe shi a kan ragar taga a zubar da garin, a wanke tsakuwa da gawayin, tokar gawayi tana da kaifi kamar kanwa. Garin nan shi ne abokin gaba. Rairayi mai laushi, irin yashin filasta, yana cike guraben da ke tsakanin tsakuwa, sai haɗin ya daskare kamar siminti. Ƙasar lambun a zuba mata tafasasshen ruwa ta bushe, ko a soya ta a tsohon kasko na minti 20 zuwa 30, don kashe ƙwan ƙwari da irin ciyawa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ki jiƙa haɗin, ki dunƙule a tafin hannu, ki buɗe. Idan ya warwatse ya yi. Idan ya tsaya curi kamar fura, ƙara tsakuwa. A cikin tukunya kuma ruwa ya fito ta ƙasa cikin daƙiƙu kaɗan, ƙasar ta bushe cikin kwana biyu zuwa huɗu. Bayan dasawa a shimfiɗa tsakuwa zalla a saman, kaurin yatsa, don kada ganyen ƙasa ya kwanta a kan danshi.

Tukunyar ƙasa da ba a shafe ta da fenti ba ta fi komai, tana numfashi kamar randa, tana busar da ƙasa tana kuma sanyaya saiwa. Masu ginin tukwane za su yi miki ƙanana masu faɗin santimita 7 zuwa 10 idan kin nuna musu, da huda a ƙasa da yatsa zai shiga. A rufe hudar da guntun raga. Faɗin tukunya ya zarce tsiron da yatsa ɗaya kowane gefe, ya isa. Babbar tukunya ƙasa ce mai yawa da saiwa ba ta kai gare ta ba, tana riƙe ruwa a banza. Baƙar roba tana ɗaukar zafi, in dole ne sai ita to a zura ta cikin ta ƙasa. Kofin shayi da kwalbar gilashi marasa huda suna kyau a hoto, amma ruwan da ya shiga ba shi da mafita. Jera duwatsu a gindinsu kuma ba ya magance komai, ruwan na nan kwance, tsayin ƙasar kawai aka rage.

Ban ruwa ba a bin kalanda, kwanakin da na ambata kimantawa ne. A zuba ruwa a kan ƙasa, ba a tsakiyar tsiro ba, har ya fito ta huda, a zubar da wanda ya taru a faranti, sannan a manta da shi sai ƙasar ta bushe ƙarƙaf har ƙasa. Ki soka tsinken tsire har gindin tukunya ki bar shi minti biyu. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, da saura. Da sannu hannunki zai san nauyin busasshiyar tukunya da jiƙaƙƙiya. Feshi da ɗan yayyafin kullum ba su da amfani, suna jiƙa sama su bar saiwa da ƙishirwa. Buta mai siririn baki ko babban sirinji sun fi.

Ganyen ma yana magana. Mai ƙishirwa yana yamushewa daga ƙasa, ya yi laushi kamar fatar tsohuwar jaka, amma launinsa na nan, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa ya cika ya yi tauri. Wanda ruwa ya yi wa yawa yana komawa ruwan ɗorawa, haske na ratsa shi kamar dafaffiyar albasa, ana taɓawa ya faɗi. Akwai na uku mai ruɗarwa: ganye ya yamushe alhali ƙasa a jiƙe take. Wannan saiwar ce ta mutu, tsiron ba shi da bakin sha, ƙarin ruwa kuwa ƙarasa shi zai yi. Ganye ɗaya ko biyu na can ƙasa su bushe kamar takarda, wannan tsufa ne, ba ciwo ba. Ruwan burtsatse na wasu unguwanni yana barin farin gishiri a bakin tukunya da jikin ganye. Ruwan sama da aka tara a damina ya fi, in babu kuma a riƙa kwarara ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya wanke gishirin.

Taki kaɗan ne: ƙwaya uku ko huɗu na NPK 15-15-15 a gefen tukunya, nesa da kara, a farkon hunturu, in an so a maimaita sau ɗaya. Yuriya kada ta kusance su, tana sa su yi kore shar, su kumbura su yi taushi, ƙwari su samu abinci.

Ga abin da za ki yi da takwas ɗin yau. Ki zazzage kowanne, ki kakkaɓe ƙasar, ki duba. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, tana da ƙarfi. Baƙa mai yauƙi a yanke ta. Idan baƙin ya hau kara, ki sa sabuwar reza ki yanke sama da shi, ki dubi fuskar yankan. Muddin akwai ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa a tsakiya, ki ƙara yankawa sama har sai kin ga fari ko kore tas, kina goge rezar da sifirit tsakanin yanka da yanka. Waɗanda suka miƙe ba sa komawa gajeru, su ma sare kan ake yi, a bar masa kara kamar santimita 2, a cire ganyen da ke jikin karan. A ajiye kawunan a inuwa mai iska kwana 4 zuwa 7 har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo, sannan a ɗora a kan busasshen haɗi. Kada a ba ruwa sai bayan mako ɗaya zuwa kwana 10. Saiwa kan fito cikin mako biyu zuwa huɗu, za ki gane idan kin ɗan ja kin ji ya riƙe. Kututturen da ya rage, in lafiyayye ne, kada ki yar, zai fitar da 'ya'ya uku ko huɗu a jikinsa. Ƙasar waɗanda suka ruɓe a zubar, tukwanen a wanke a shanya a rana.

Ganyen da kika cire iri ne. A kama shi a murɗa hagu da dama a hankali har ya ɓalle da gindinsa cikakke, domin daga wannan ɗan gindin tsiro ke fitowa, wanda ya karye a tsakiya ba zai yi komai ba. A shanya kwana uku a inuwa, a jera a kan haɗin cikin faranti, ba a binnewa. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ki ga siraran saiwa masu ruwan hoda, sai ɗan mitsitsin kai. Daga nan ake ɗan jiƙa ƙasar kusa da saiwar duk kwana uku ko huɗu. Uwar ganyen a bar ta sai ta bushe da kanta, ita ke shayar da ɗan. Graptopetalum da Sedum kusan kowane ganye yana kamawa, Echeveria wasu su yi wasu su ƙi. Masu ratsin fari ko ruwan hoda ba su cika gadar da ratsin ta ganye ba, ɗan kan fito kore zalla, ko fari fat ya mutu. Su ta reshe ake yaɗa su. Haworthia da ƙananan Aloe kuwa 'ya'ya suke yi a gindi, a raba idan ɗan ya kai sulusin uwar kuma yana da tasa saiwar.

Game da irin da za ki tara, ki fara da masu taurin rai. Graptopetalum paraguayense, wanda duk da sunansa na nuna ƙasar Paraguay ɗan Meksiko ne, yana juyawa daga ruwan toka zuwa ruwan hoda. Graptosedum 'Bronze' launin tagulla yake yi. Sedum adolphii yana zama ruwan goro a hunturu, Crassula capitella 'Campfire' ta yi ja wur. Kalanchoe luciae mai faffaɗan ganye bakinta ja ne, tana girma amma ƙaramar tukunya na taƙaita ta. Sai Portulacaria afra mai ratsi, da Anacampseros mai shunayya a bayan ganye, da Aloe juvenna ta ƙasar Kenya da sauran ƙananan dangin alobera da aka samar ta hanyar auren iri biyu, waɗanda zafi bai cika damunsu ba. Huernia da Orbea da Stapelia 'yan'uwan karan masallacin da muka sani ne, yanayinmu nasu ne, furensu kamar tauraro mai zane, sai dai wasu warin mushe suke yi don ƙuda ne ke yi musu barbara, kada a ajiye su bakin ƙofar ɗaki. Idan kuma lallai kina son wani abu a taga cikin gida, Haworthia mai ratsin fari da Gasteria ne za su yarda, su dama inuwar duwatsu da ciyayi suka saba da ita.

Bayan kin fitar da waɗannan daga bazara ɗaya da damina ɗaya, sai ki shiga Echeveria: 'Perle von Nürnberg' mai shunayya, wadda aka samar a Jamus a shekarun 1930, da agavoides mai jan tsini, da 'Black Prince'. Pachyphytum oviferum da Sedum rubrotinctum ma a wannan sahun suke, na biyun yana zubar da ganye idan zafi ya tsananta. Farin garin da ke jikin wasunsu kamar an shafa hoda kakinsu ne na kariya daga rana, in yatsa ya goge shi ba ya dawowa a wannan ganyen, don haka a tukunya ake kama su. Sempervivum na tsaunukan Turai ne, sanyi yake so, kuɗinki kawai zai ci. Aeonium na tsibiran Kanari ma wahala yake sha a zafinmu. Kaktus ɗin nan mai jan kai ko rawaya a kan koren kara kuma tsiro biyu ne aka haɗa: na saman, Gymnocalycium, ba shi da koren da zai ciyar da kansa, na ƙasan ke riƙe da shi, kuma haɗin yakan lalace bayan 'yan shekaru ko da kulawa ta yi kyau.

Ƙwaron da zai fi damunki fari ne, mai kama da ɓurɓushin auduga, yana ɓuya a hammatar ganye da tsakiyar kai, yana tsotsa har sabon ganye ya fito a murɗe. Inda kika ga kiyashi na hawa da sauka a tukunya ki duba da kyau, su ke yawo da shi saboda zaƙin da yake fitarwa. A tsoma auduga a kan tsinke cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 a dangwale su ɗaya bayan ɗaya, da yamma, a maimaita duk kwana 5 zuwa 7 har sau uku, domin ƙwan da ya rage yana ƙyanƙyashewa. Akwai irinsa da ke zama a saiwa: tsiro ya tsaya ba dalili, in an zazzage a ga fari-fari a jikin tukunya. Wannan sai an wanke saiwar tas an sauya ƙasa. Man darbejiya yana kashe ƙwari amma yana narkar da hodar ganye, in rana ta same shi kuma ya ƙona, kada a sa wa masu hoda. Tukunyar da ke ƙasa gara na shiga ta huda. Kaji da awaki ma ba sa raga musu, kuma Kalanchoe da Cotyledon guba ne ga dabbobi. Duk wani Euphorbia, dangin tinya da aguwa ke nan, farin ruwansa yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. A ɗaga su inda yara ba sa kaiwa.

Tarawa kuma tana da nata ladabi. Sabon tsiro ya yi mako uku shi kaɗai nesa da sauran kafin ya shiga sahu, da yawan ƙwari a haka suke shigowa gida. Tsiro ɗaya tukunya ɗaya ya fi cusa iri biyar a kwano guda, domin shan ruwansu ba ɗaya ba ne, in ɗaya ya ruɓe kuma ya shafa wa maƙwabta. Kowanne a soka masa suna da watan saye a guntun farar roba, da fensir, tawadar maka rana na cinye ta cikin wata biyu. Sunan Latin ɗin yana da nauyi a baki, amma shi ke hana ki sayen abu ɗaya sau uku da sunaye daban-daban. Ki ɗauki hoton kowanne a Janairu da kuma Agusta, za ki ga kamar tsirrai biyu ne, kuma da haka za ki san wanda ke biyan wahalarsa. Musayar ganye da 'ya'ya da masu irin sha'awarki a garinku ta fi saye, abin da ya riga ya rayu a yanayin ya fi tabbas.

A intanet akwai damfara. Irin shuka da ake tallatawa da hoton tsiro shuɗi shar ko mai launin bakan gizo ƙarya ne, hoton aka rina. Wasu kuma fenti ake fesa wa tsiron, ko a manna wa kaktus busasshen fure da gam. Na gaskiyar da ke zuwa daga gidajen renon Koriya da Sin ma a sanyin dare aka fito da launinsu, zai ragu idan sun iso. Shigo da tsiro Najeriya yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai killace kayan gona da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito, sannan dangin kaktus, da Euphorbia masu ajiyar ruwa, da Aloe in ban da alobera, suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Dalilin ba wasa ba ne. A Afirka ta Kudu masu haƙa sun kwashe ƙananan sakulen da ake kira Conophytum daga daji har wasu irin sun kusa ƙarewa, a jihar Kalifoniya ta Amurka kuma sai da aka yi doka a 2021 don hana satar wani sakulen mai suna Dudleya daga daji. Tsohon tsiro mai tabo da murɗaɗɗen kara da aka ce "na asali ne daga daji" a bar shi, ba ya ma cika rayuwa a tukunya.

Lithops, masu kama da tsakuwar da aka tsaga biyu, na san za su ja idonki. Ki bari sai shekara ta biyu. Suna son tukunya mai zurfin santimita 10 saboda doguwar saiwarsu, haɗin da kusan duka tsakuwa ne, kashi ɗaya cikin goma kawai ƙasa, kuma kada a haɗa su da kowa. Sau ɗaya a shekara tsagar tsakiyar tana buɗewa sabbin ganye biyu su leƙo, suna shan ruwan tsofaffin. Daga ranar da kika ga haka ki ɗauke buta, ko da na wajen sun yamushe sun ba ki tausayi, sai sun bushe kamar ɓawon gyaɗa sannan a koma ban ruwa.